Allurar Masu Zuwa Biki

Uwar amarya ce take shirya wa dangi tafiya. Za a yi bikin 'yarta a wani tsibiri mai zafi da yawan sauro, inda iyayen ango suke zaune, kuma ba a shiga ƙasar sai da katin rigakafi. Mijinta ne ya fara wannan hidima, ya rubuta sunaye, ya kama musu rana a asibitin matafiya, sannan ya rasu wata biyar da suka wuce. Ita kuwa ta ɗora daga inda ya tsaya.

Ranar Talata ta kwashi mutum goma sha uku zuwa asibitin, a saman wani shagon tabarau. Suka jeru a kan kujerun roba, kowa da fasfonsa a cinya.

Gwaggon amarya, yayar marigayin, ta ce ita dai ba mai tsira mata allura.

"Haihuwa bakwai na yi ban ga allura ba, sai yanzu don sauro?"

"Sauron can ba ya tambayar shekaru, Yaya," in ji kawun amarya.

Aka kwashe da dariya. Uwar amarya ta ga ana yi, ita ma ta ɗan motsa baki.

Nas ta fito da takarda tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta kira sunan marigayin. Ta sake kira, tana leƙa fuskoki.

"Ba zai zo ba," in ji uwar amarya.

"To, in ɗaga masa zuwa mako mai zuwa?"

"Ya rasu."

Nas ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga ba da haƙuri. Uwar amarya ta ce ba komai, ta ari bironta, ta ja layi a kan sunan, ta mayar mata. Gwaggo ta rufe fuska da gefen mayafi tana kuka, haka aka yi mata allurar. Uwar amarya ta zauna tana jiran nata kukan, bai zo ba. Ƙarar firjin magani kawai take ji.

Da aka gama, ta tsaya a bakin matakala tana raba ƙwayoyin zazzaɓi. Kwana biyu kafin a tashi za a fara sha, kullum ɗaya, bayan an ci abinci. Ta maimaita wa Gwaggo sau uku.

Wayarta ta yi ƙara, amarya ce.

"Mama, yaya aka yi?"

"Kowa ya samu."

"Ke fa? Muryarki wani iri."

"Hannu ne ya ɗan yi nauyi."

Uwar amarya tana duba fasfon kowa kafin su rabu, sai ta ga na Kawu saura wata huɗu ya ƙare, ƙasar kuwa ba a shigarta sai fasfo yana da sauran wata shida. Ta ce ya gyara hularsa, suka tsallaka titi zuwa wurin mai hoto don hoton sabon fasfo.