Tulun Mama Joda

Duk Nasarawo an san hannun Mama Joda a kan tulu. In zumuntar mata ta tashi waƙa a coci, bugun Mama na uku yakan ɗan makara, kamar mai jiran wadda ta tsaya gyara goyo, kuma a 'yar makarar nan daɗin yake. Kwatsam hawan jini ya shanye mata hannun dama.

An yi sa'a 'yarta Lizzy, wadda ta karanci kwamfuta, ta riga ta naɗi kiɗan a waya. Ta duƙufa ta haɗa manhaja mai buga tulun yadda uwar ke yi, har da makarar. Burinta ɗaya ne, kada hannun nan ya ɓace.

Da ta zo sakin manhajar kyauta, sai maganar lasisi ta taso. Ta yi wa uwar bayani: akwai mai sharaɗi, duk wanda ya canza wani abu dole ya buɗe wa kowa aikinsa, akwai kuma wanda ba ruwansa, ɗauki ka yi yadda ka ga dama, suna kawai kada ka goge.

"Ke Lizzy, kiɗan da na yi wa Ubangiji zan kafa wa sharaɗi? Ina kika taɓa ganin an sa kuɗin baiko a coci an riƙe gefensa?"

"Mama, mutane fa ba su da tabbas."

"Sakar musu."

Ta sake ta da lasisin da ba sharaɗi, ba don ranta ya so ba.

George mai piyanon coci, wanda ko ƙwarya bai iya kaɗawa ba, shi ya fara ɗauka. Wai ya gano kuskure, bugu na uku yana makara! Ya miƙar da shi sambal, ya lafta ganguna a kai, ya kulle nasa, ya tura wa matan a waya. Sunan kuwa bai taɓa ba, Tulun Mama Joda. Kai, ɗan Adam!

Lizzy ta same shi bayan sujada.

"Yaya George, buɗe mini naka in mayar da bugun."

"Wace doka ta ce? Ai ke kika zaɓi lasisin, ƙanwata."

Da dariyarsa ya faɗa. Na Lizzy yana nan ga mai so, amma nasa ya fi cika lasifika, shi matan suka saba da shi.

Ranar Lahadi Lizzy ta sa uwar a keke suka je coci. Shugabar zumunta ta sanar cewa yau ma Mama Joda ce ke kaɗa musu, aka yi ta tafi. Lasifika ta ɗauka, bugu bayan bugu, ba mai jiran kowa. Lizzy ta juya ta dubi uwarta.

Mama Joda ta fara bubbuga gwiwarta da hannun hagu, na uku yana makara yadda ya saba. Nancy, wadda ke zaune a gefenta, ta kama hannun a hankali ta riƙe.

"Yi haƙuri, Mama, bi tulun. Kina fita daga kiɗa."