Verna Halloran da Tsofaffin Fitilu

Verna Halloran ta yi fitowar minti bakwai da daƙiƙa arba'in a ɗauka guda, ta tsaya a wurare tara da aka tsara mata, ba ta kauce wa ko ɗaya da fiye da inci biyu ba. Shekarunta saba'in da bakwai. Shekara uku ke nan rabon da ta ga fuskar mutum sosai, ko ƙasan da take takawa. An yi ɗaukar ne ranar wata Alhamis da hantsi, cikin watan Maris na 2019, a ɗakin ɗauka na shida na wani kamfanin talabijin a Burbank, gaban ma'aikata sittin da huɗu. Mutum biyu ne kawai a cikinsu suka san halin da idanunta ke ciki.

A Duluth aka haife ta, 'yar wani mai lodin tama a jiragen ruwa. Ta sauka Los Angeles a motar safa a 1962 da akwati ɗaya. Aikinta na farko tallan sabulun wanki ne da ake nunawa kai tsaye, inda kuskure ɗaya ƙasa duka za ta gani. Daga nan ta shiga finafinan masu doki da bindiga, ta mutu sau goma sha huɗu cikin shekara shida, har daraktoci suka riƙa nemanta saboda ta iya faɗuwa ba tare da ta fita daga hoto ba. A 1974 ta fito a matsayin matar wani ɗan dambe, jaridu suka yaba, sai kuma wayarta ta yi shiru. Ta shekara tara tana nuna wa mutane gidajen haya a Glendale. A 1996 aka kira ta ta yi sati uku a wani shiri na mako-mako, a matsayin Ida, mai ƙaramin gidan abinci. Sati ukun ne ya zama shekara ashirin da uku.

Mai kallo a gida yana zaton ɗan wasa na tsayawa inda ya ga dama. A ɗakin ɗauka kowa da alamarsa, wato ɗan guntun tef mai launi da ake mannawa a ƙasa, daidai inda fitila da idon kyamara ke jiransa. Ka wuce ta da taki guda, fuskarka ta yi dishi-dishi, a sake. Ka sunkuyar da kai don ka dube ta, a sake. Launin Verna kore ne tun ranar da ta fara.

Yolanda Ruiz, mai saita idon kyamara, ita ta fara ganewa. Wata rana Verna ta tsaya cak a kan jan tef na wani ɗan wasa, ta ci gaba da magana kamar ba komai. Yolanda ta shekara goma sha tara tana auna tazarar fuskar matar nan da kyamara, ba ta taɓa ganin haka ba. Washegari da sassafe ta ɗaga kowane koren tef, ta sa tsinken ashana uku a ƙarƙashinsa, ta mayar. Verna ta shigo da takalmin Ida mai siririn tafi, ta taka na farko, ta ɗan dakata.

"Wa ya yi shara a nan jiya?" in ji ta, ba tare da ta juya ba. "A ƙara masa albashi."

Iyakar maganar da suka taɓa yi a kai ke nan. Tsakiyar ganin Verna ce ta mutu. Tana ganin gefe-gefe kamar inuwa, tana bambance haske da duhu. Maƙwabciyarta ke karanta mata rubutun kowane mako a rakoda, ta haddace da kunne. Verna ta san abin da zai biyo baya ranar da kamfani ya sani. Masu inshora ba za su yarda makauniya ta riƙa yawo tsakanin wayoyin lantarki ba. Ta ga yadda aka yi da abokin wasanta lokacin da hannunsa ya fara rawa. A talabijin ba a korar tsoho, sai dai a rubuta a cikin labarin cewa ya koma Florida wajen 'yarsa, kuma ba a sake ambatonsa.

Preston Whitlock ne aka ɗauko ya ba da umarnin kashin ƙarshe na shekarar. Shekarunsa talatin da huɗu, daga finafinai ya zo. Ranar Laraba ya tara mutane a cikin gidan abincin Ida, wanda aka gina da katako a tsakiyar ɗakin.

"Madam Halloran, kafin komai, kakata ba ta taɓa barin shirinki ya wuce ta ba."

"Tana raye?"

"Tana nan da ranta."

"To ka gaishe ta. Ka ce mata jikanta bai iya gaishe da mata ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, kunnuwansa suka yi ja. Sannan ya faɗi abin da yake so. Ida za ta dawo daga binne mijinta, ta buɗe gidan abincin da safe kamar kullum, ta zagaya tana zuba wa tsofaffin masu zuwa kofi, tana ba su labarin ranar da ta fara haɗuwa da shi. Ɗauka guda, ba yankewa. Kyamara za ta biyo ta daga sama, ta ga daɓen duka.

"Don haka gobe ba na son ganin tef ko ɗaya a ƙasa," in ji shi.

"Preston, wuri tara ne fa," in ji Yolanda. "Ko ɗan shekara ashirin sai ya ji jiki."

"Shi ya sa ba ɗan shekara ashirin na ba wa ba."

"Kun ji," in ji Verna. "Yaro ya gyara bakinsa."

Suka yi gwaji sau biyu da tef a ƙasa, komai ya tafi daidai. Yolanda ba ta ci abincin rana ba. Verna kuwa ta ɗauki farantinta ta zauna kusa da Gus Petrakis, shugaban masu fitila, ɗan shekara sittin da tara. Shi ne mutum na biyu. Ba wanda ya gaya masa. Ya lura ne kawai cewa matar da ba ta taɓa shiga gaban kyamara ba sai ta duba madubi ta daina neman madubi.

"Gus, tanderun nan naka suna nan, ko ka sayar ka sha giya?"

"Wane tanderu kuma?"

"Fitilun da ka gasa ni da su shekara goma sha biyar. Kwalliya tana narkewa tana shiga mini ido, kai kana can sama kana cin gyaɗa."

"Suna ma'aji. Ba mai son su. Suna cin wuta kamar surukina."

"Waɗannan sabbin naka ba su da jini a jiki. Haske kamar na firij."

Gus ya ajiye cokalinsa. 'Yan wasan zamaninta, kafin a zo da fitilu marasa zafi, da fatar fuska suke neman wurin tsayawa. In ɗumin fitila ya sauka a kan ƙashin kumatunka, ka iso. Ya dube ta, tana yanka nama a hankali, tana laluben gefen faranti da wuƙa.

"Guda nawa?"

"Tara."

"Wane kumatu?"

"Na hagu. Na dama na kyamara ne."

"Tsohuwa, za ki kashe ni."

"Ka riga ni tsufa a fuska, ɗan Girka. Miƙo gishiri."

Da la'asar Gus da mutanensa suka fito da ƙananan tsofaffin fitilu tara, suka goge musu ƙura, suka rataye su ƙafa goma sha takwas daga ƙasa. Ya matse bakin kowace har haskenta bai fi faɗin faranti ba. Ya ce wa Whitlock da mai ɗaukar hoto yana son ɗan ɗumin rana a fuskar Ida, suka ce ya yi. Yolanda ta fi Verna tsawo da inci huɗu, don haka ta riƙa tsayawa a kan kowane koren tef tana lanƙwasa gwiwa, idonta a rufe, tana cewa "hagu kaɗan, ƙasa kaɗan," har sai ta ji ɗumin. Bayan an gama ta ɓare tef ɗin duka, ta zuba tsinkayen ashana a aljihunta.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma da minti ashirin mataimakin darakta ya ce a yi shiru. Aka kunna jar fitilar bakin ƙofa. Whitlock ya ce a fara.

Ida ta shigo da baƙar riga, ta rataye jakarta a ƙugiya ba tare da ta duba ba. Ta yi taki shida, ta rage sauri kamar wadda tunani ya tsayar, ta ɗan karkata fuska, ta tsaya. A ƙaramin allon da ke gaban Yolanda, gashin idon Verna ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki butar kofi. A teburi na biyu ta zuba wa wani tsohon direba, tana magana a kan wata rawa da aka yi a ɗakin taron coci a 1961, ta ɗaga butar daidai lokacin da ƙarar ruwan ta canza. Ko ɗigo bai taɓa teburin ba. Na uku, na huɗu. A na biyar ta yi dariya a tsakiyar jimla, inda rubutun bai ce a yi dariya ba, 'yar wasan da ke zaune a gabanta ta fashe da kuka na gaske. Mai riƙe sandar makirufo ya ce daga baya ya manta hannuwansa suna ciwo.

A minti na shida, tana bayan kantar gidan abincin a wuri na takwas, fitila ta tara ta mutu. Ƙwanta ya tsufa. Ba ta yi ƙara ba, sauran hasken ɗakin kuma ya rufe gurbin, don haka Whitlock bai lura ba. Gus ya gani, ya sa hannu ya rufe baki. Yolanda ta ga hannun, ta ɗaga ido sama, ta gane. Wuri na tara yana gaban ƙofar gilashi, taki goma sha ɗaya daga kantar, a fili, ba kujera ko teburin da za a taɓa. A nan kyamara za ta sauko ta matso har fuskar ta cika allo. Inci huɗu gaba ko baya, hoton ya lalace, a sake daga farko, kuma a tambayi dalili.

Verna ta ajiye butar. Ta fito daga bayan kantar tana faɗin jimlarta ta ƙarshe, a kan yadda mutumin bai taɓa iya rawa ba har ya mutu. Ba ta rage sauri ba, ba ta karkata fuska tana nema ba. Ta tafi kai tsaye, ta tsaya, ta ɗaga kai ta fuskanci titin da aka zana a bayan gilashin. Kyamara ta sauko. Yolanda ba ta taɓa abin saitinta ba. Daƙiƙa goma sha biyu fuskar tana allo, ba motsi sai maƙogwaro.

"Yanke," in ji Whitlock, da ƙyar aka ji shi.

Ba wanda ya motsa. Sai wani kafinta a can baya ya fara tafi, ɗakin duka ya ɗauka. Yolanda ta ja igiyar awo daga kyamara zuwa idon Verna. Da inci ɗaya da rabi kawai ta kauce.

Whitlock ya ratsa tsakanin tebura ya tsaya a gabanta. Ya miƙa mata hannu. Verna tana murmushi, fuskarta na kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa. Hannun ya tsaya a iska daƙiƙa uku ko huɗu. Ya dubi hannun, ya dubi idanunta, ya dubi daɓen da ba alama ko ɗaya. Sannan ya ɗaga kai a hankali, ya ƙirga tsofaffin fitilun.

"Madam Halloran," in ji shi, "ba sai mun sake ba."

"Na sani, ɗana," in ji ta, ta juyo daidai inda muryarsa ta fito. "Ina ka ajiye hannunka? Ba ka gaisawa ne?"

Ya sake miƙawa, wannan karon har ya taɓa nata. Da ya wuce ta gaban Gus ya tsaya.

"Me ya sa tara?"

"Safiya ce," in ji Gus. "Rana ta yi yawa."

Whitlock ya juya ya fita.

Gus ya sami Verna a kujerarta ana goge mata kwalliya. Ya jira mai gogewar ta tafi ɗauko auduga.

"Ta tara ta mutu."

"Na ji ta."

"Kin ji me? Ba ta fashe ba."

"Ƙarfenta yana ƙas-ƙas in yana hucewa. Na bi ƙarar, na rage taki biyu."

"Ƙafa goma sha takwas a sama, kina magana, tayoyin kyamara suna tafiya. Verna, ni da nake ƙarƙashinta ban ji ba."

"Kai shekara nawa kana kunna su? Ni shekara hamsin da bakwai nake tsaye ina jin su suna hucewa bayan an ce yanke. Je ka canza ƙwai, malalaci."

Ranar Juma'a ofishin furodusa ya aiko wa Whitlock takardar da ake aiko wa kowane baƙon darakta, mai tambaya ko ya lura da wani abu game da lafiyar 'yan wasa da ya kamata kamfani ya sani kafin sabuwar shekara. Ya cika sauran guraben, ya bar wannan, ya ce a ba shi lokaci. Kamfanin zai sanar da sunayen waɗanda za su dawo ranar goma sha huɗu ga Mayu. Takardar tana hannunsa har yanzu.