Akuyar Zakiya da Kwandon Ɗa'ifa

Hajiya Larai ta ɗaga ɗan itacen da yatsu biyu, kamar wadda ta kamo ɓera ta wutsiya.

"Wannan kuma mene ne mai gashi?"

"Khokh ne, Inna," in ji surukarta Mastura, haifaffiyar Jidda. "Wani direba abokin Abu Saleh ne ya kawo mana kwando guda daga Ɗa'ifa. Yanzu ne lokacinsa."

"Koko? Allah ya kyauta. Yau ga ƙasar da koko ke fid da gashi. Fumfuna ya yi, 'yar nan, ku zubar."

Tun da aka sauko daga Arfa tsohuwar take zaune a gidan ɗanta Na'ibi, wanda maƙwabta ke kira Abu Saleh, a unguwar Karantina ta Jidda, tana jiran jirgin ruwan da zai kwashe alhazai. Babu abin da aka dafa da bai yi laifi ba. Shinkafa ta cika ƙamshi, kifi ya cika ƙarni. Na'ibi, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, har ya fi ta ramewa, don tsoron kada ta koma Zariya a ce ɗanta ya bar ta da yunwa.

Mastura ta shanya khokh ɗin a faifai ƙarƙashin gado. Niyyarta ranar Juma'a ta dafa shi da sukari da ɗan kanumfari, ta ba matan da za su zo yi wa Hajiya sallama. Sai faifai ya fara raguwa. Abin haushin, ɓarawon gwani ne: masu laushi, masu jan kumatu, su yake ɗauka, ya bar mata masu tauri.

Na'ibi ya rantse bai taɓa ba. Zargi ya faɗa kan akuyar maƙwabciyarsu Zakiya, wadda ta taɓa cinye hular Na'ibi a kan igiyar shanya.

"Wallahi haram alaiki!" Zakiya ta ɗaga murya ta bayan katangar langa-langa. "Akuyata kwali take ci da takardar siminti. Ina ta san khokh?"

"To aljanu ne ke shiga ƙarƙashin gadona?" in ji Mastura.

Hajiya Larai na kan tabarma tana jan carbi. "Dabba ce," ta ce a hankali. "A yi mata uzuri."

Magana ta yi tsami har gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Othman, mijin Zakiya, ya jawo akuyar cikin tsakar gidan, wuƙa a hannu, Zakiya na biye tana kuka, domin nonon akuyar 'ya'yanta ke sha.

"Ya Abu Saleh, halas, ya isa haka! Gara in yanka ta a gabanka da a riƙa kiran gidana gidan ɓarayi."

Na'ibi ya riƙe masa hannu yana ba shi haƙuri. Ana cikin wannan kokawa igiya ta suɓuce. Akuya ba ta nufi ƙofa ba, ba ta nufi faifai ba. Kai tsaye ta tafi wajen Hajiya, ta cafki wani ƙulli a bakin mayafinta ta fizga. Ƙulli ya kwance. Ƙwallayen khokh suka watse a ƙasa, kowanne a tsotse tas, har da wanda bai bushe ba.

Othman ya mai da wuƙarsa kube. Na'ibi ya duƙar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Hajiya ta gyara mayafi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke kallo? Iri nake tarawa, zan shuka a gida. Ƙwallon yana ciki, dole a cire naman. Ko so kuke in zubar da abinci a ƙasa mai tsarki?"

Zakiya ce ta fara fashewa da dariya, hawaye bai bushe mata ba. Mastura ta toshe baki da gefen zane, ta tsugunna tana tsince ƙwallayen, sannan ta rungumi maƙwabciyarta ta nemi gafara.

Washegari da safe Na'ibi ya ɗauki kwando zai tafi kasuwa, don abin da ya rage ba zai ishi baƙi ba. Uwar ta kira shi daga bakin ƙofa.

"Kai, wannan yaron. Kada ka sayo kore. Ka sansana wajen gindin, in babu ƙamshi ka ajiye. Ka ɗan latsa da babban yatsa, kaɗan, kada ka ji masa ciwo."

"To, Inna. Guda nawa zan ƙaro miki?"

Ta yi ɗan tunani.

"Gonar babanka tana da faɗi," ta ce.