Turmi a Gidan Mai Inji

Shekarar da Ɗanmusa ya kafa injin niƙa a Nasarawa Burkullu, a shekarar ce matarsa Ramlatu ta kife turminta a bayan rumbu. Wa zai ga laifinta? Tun tana 'yar shekara tara take daka, tafin hannunta duk kanta, ga shi Allah ya kawo ƙarfen da zai cinye tiya goma kafin mace ta gama surfen ɗaya. Ta jingine taɓarya, ta ce su da ita sai dai a lahira.

Daga nan sauƙi ya yi ta shigowa gidan ba ko sallama. Aka haƙa burtsatse a unguwa, 'yan ga-ruwa suka riƙa kawowa har bakin randa, sai aka rufe rijiyar gida da tsohon kwano. Ɗanmusa ya sayi babur, ko barkar haihuwa za ta je bayan layi sai ya ɗauke ta. Da safe shayi mai kauri, sukari cokali huɗu, da madarar gwangwani da burodi. Da rana taliya tana iyo cikin mai. In baƙi sun zo a buɗe lemon kwalba, in ba su zo ba ma a buɗe, don kada ya yi zafi a banza. Ba gidansu kaɗai ba, duk gidan da aka ɗan samu haka abin yake. Matan da jikinsu ya ƙi amsawa kuwa har ƙwayar ƙiba suke aikawa a sayo musu ranar kasuwa.

Cikin shekara biyar Ramlatu ta cika ta batse. Wuyanta ya yi layi uku, zobenta sai da maƙeri ya yanke shi. In ta shiga gidan biki mata su yi ta tafa mata baya suna cewa lallai Ɗanmusa ya iya kiwo. Shi kuma gogan ya ji daɗi har cikin ransa, domin a garin nan, da jikin mace ake auna mijinta. Ba wanda ya damu da cewa in ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Yayarta Uwani ta riga ta shiga wannan daula, ta kuma fi ta jiki. Da damina ta dubu biyu da huɗu ƙaya ta soke Uwani a ɗan yatsa. Ƙaya fa, irin wadda suke cirewa da allura suna yara su ci gaba da wasa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Aka kai ta asibiti aka ce ciwon suga ne ya daɗe yana cin ta, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ramlatu ce ta yi jinyarta, ita ce kuma aka miƙa wa takalmin ƙafar da babu, ta rasa inda za ta sa shi.

A wajen jinyar ne wata malamar asibiti ta lura da yadda take ɗirkar ruwa tana zarya bayan gida. Ta ja ta gefe, ta tsaga mata yatsa ta auna.

"Ke ma kin kama hanyar yayarki," in ji malamar. "Amma ba ki yi nisa ba. Ki bar zaƙin nan, ki riƙa tafiya kullum har ki yi gumi."

"Tahiya zuwa ina? Ni da ba ni hita sai da dalili?"

"To ki nemi abin da zai sa ki gumi a cikin gidan. Ƙafarki ce, ba tawa ba."

Tsoro ya kama Ramlatu, tsoro na gaske. Ta koma gida, washegari da hantsi ta zagaya bayan rumbu ta birkito turmin, ta kore kunamar da ta tare a ciki, ta wanke shi. Ta zuba gero ta ɗaga taɓarya. Bugu goma sha biyu ta yi ta zauna a ƙasa tana haki, idonta yana ganin taurari da rana tsaka. Ta huta, ta tashi ta ƙara goma.

Haka ta yi ta yi. Ta yaye kwanon rijiya ta ɗaura wa guga sabuwar igiya, ta sallami 'yan ga-ruwa. Shayi ta koma shan sa tsura. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ya sake yin kanta. Kafin kaka tana surfe tiya biyu ba ta zauna ba, har ta tuno luguden ƙuruciya, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Abin da ta fara don tsoro sai ga shi tana jin daɗinsa, ranar da ba ta yi ba jikinta ya yi ta ƙaiƙayi.

Sai dai turmi ba ya da sirri. Katangar gidan ta hana a ga Ramlatu, amma ba ta hana a ji ta ba. Kullum da hantsi unguwa ta ɗauka, dum, dum, dum, daga gidan wa? Daga gidan mai inji. Mata suka haɗa kai a gidajen suna suka warware matsalar da kansu: in har matar mai inji ba ta cin garin injin mijinta, to akwai abin da ta gani. Wata ta ce ƙarfe yake zubarwa cikin gari. Wata ta ce dama tuwonta yana ɗan warin baƙin mai. Kwanukan niƙa suka fara bi ta gaban rumfar Ɗanmusa suna wucewa injin Lirwanu na bakin kasuwa. Maza kuma a majalisa suka kawo tasu fassarar, wai Ɗanmusa ya karye, ba ka ga matarsa duk ta zube ba?

Ya shigo gida rannan ko babbar riga bai cire ba, ya same ta tsaye kan turmi, gumi har gadon baya.

"Ramlatu, mi niy yi maki? Gari duk ya ɗauka ba ni ciyar da ke. Masu niƙa sun watse. Ki aje taɓaryag ga."

"Malam, na gaya maka abin da anka ce mani asibiti."

"Na ji. In magani na, a sawo. Ko Sakkwato na sai in kai ki. Amma daka gidan mai inji? Ina kika taɓa jin haka?"

"Ana shan maganin. Sun ce ba ya isa sai da gumi. Ka bar ni in riƙa hita in zagaya gari, in bar dakan."

"Ki zagaya gari! A ce mi kuma? A ce na sai da babur?"

"To ka gani. Waje ka hana, ciki ka hana. Ƙahwata za ni ba ka a niƙa?"

Ta ci gaba da dakanta a gabansa. Ba mugu ba ne Ɗanmusa, a faɗi gaskiya, mutum ne da maganar mutane take shigar masa har ƙashi. Ya jure kwana uku. A na huɗu, tana banɗaki da safe, ta ji sara. Ta fito ta tarar ya sa gatari ya raba turmin gida biyu, yana tsaye yana huci, shi kansa kamar ya tsorata da abin da ya yi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba. Ta shiga ɗaki ta sa hijabi, ta ɗaura takalmi mai rufi kamar yadda malamar asibiti ta ce, ta ɗauki gorar ruwa.

"Ina za ki?"

"Gidanmu."

"To tsaya in tada babur."

"Riƙe abinka."

Tungar Wali, ƙauyensu, tafiyar sa'a biyu ce ga mai ƙarfi, kuma rabon Ramlatu da ta taka hanyar da ƙafa tun kafin a kafa inji. Ta bi ta tsakiyar gari ido na ganin ido. 'Yan kabu-kabu suka yi ta tsayawa, Hajiya lafiya, Hajiya hau in kai ki, tana cewa lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ta wuce gonakin dawa, ta ratsa rafi ta yashi, cinyoyinta suna zafi, zuciyarta tana tafasa. Wajen rabin hanya fushin ya fara sauka, ta lura numfashinta daidai yake. Ta yi mamakin kanta ƙwarai, har ta ƙara sauri don ta ga iyakarta, ba ta kuma gan ta ba.

Uwani tana zaune kan tabarma a tsakar gidan Inna, mahaifiyarsu, inda ta koma tun bayan asibiti, sandunanta a gefe. Da ta ga Ramlatu ta shigo, ta kasa kunne ba ta ji ƙarar babur ba.

"Wa ya kawo ki?"

"Ni nik kawo kaina, Yaya."

"Da ƙahwa?"

"Da ƙahwa."

Uwani ta ce ta zauna. Ta jawo buta, ta kwance mata takalmin da hannunta, ta wanke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, tana buɗa tsakanin yatsu tana dubawa. Ba ƙwarzane ko ɗaya. Ta daɗe riƙe da su a cinyarta tana hawaye, Ramlatu ma ta kasa daurewa.

Bayan azahar sai ga Ɗanmusa ya zo biko. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya fara jero bayani, ga masu niƙa, ga majalisa, ga sunan gida. Inna ta buɗe baki za ta ba da haƙuri irin na iyaye, Uwani ta riga ta. Ta yaye zanen da ta rufe dungulmin da shi, abin da ba ta taɓa yi gaban namiji ba.

"Ɗanmusa, duba nan. A'a, kak ka kau da kai, duba. Ni ma an yaba ma mijina kiwo. Waɗanda sunka yaba, ko ɗaya bai ara mani ƙahwa ba."

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai.

Uwani ta nuna gindin zogale da sandarta. Turmi ne a can, babba, na ƙirya, an kife shi.

"Nawa na. Na so in koma mashi, ban da abin tsayuwa. Ɗauka ka ɗaure bisa babur."

Ya tashi ya rungumo shi da kyar, ya kai waje, ya ɗaure da igiyar roba, taɓaryar a gicciye. Sai da ya gama ya ga turmin ya cinye wurin zaman mutum. Ya tsaya yana kallon babur, yana kallon matarsa.

"To ke ina za ki zauna?"

Ramlatu tana ɗaure takalminta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wuce gaba, Malam. Ka bi ta kasuwa, kowa shi gani. Ina tahe."