Fil Goma Sha Ɗaya a Kwanar Kwalbati

Shekara tara Mai Taswira yana caka fil a bangon ofishin kula da hanya. Taswirar ta cinye bango guda, babban titi ya miƙe a kanta kilomita tamanin. Duk inda aka yi hatsari sai ya caka fil, mai jan kai in an rasa rai, rawaya in rauni ne. Rahoton 'yan sanda kaɗai yake bi. Abin da babu hatimi a kai, a wajensa bai faru ba.

Ana nan aka turo Dogo, sabon injiniya mai dariya da dukan haƙoransa, wanda tun satin farko ya tsiri zuwa asibitin bakin titi duba rajista. A asibitin nan kuwa matar Mai Taswira take aikin nas.

Daga ranar sunan Dogo ya tare a gidansu, bai biya haya ba.

"Abban yara, ka san Dogo har sunan marasa lafiya yake tambaya?" in ji ta, tana ninke kayan wanki.

"Ya nemi gurbi a wajenku mana, tunda ofis ya yi masa kaɗan."

Ta dube shi ta gefen ido. "Kishi dai kumallon mata ne. Wa ya ba ka aro?"

Ya tashi ya bar mata ɗakin.

Ran Laraba Dogo ya ajiye masa takarda a tebur. "Yaya, kwanar kwalbati ce, kilomita arba'in da uku. Hatsari goma sha ɗaya a shekara guda. Mutanen wurin a babur suke kwaso masu rauni zuwa asibiti, ba sa jiran 'yan sanda. Don Allah ka sa su kafin taron gobe."

A taron ne Darakta zai dubi bango ya zaɓi wurare uku da za a kafa wa shingen ƙarfe bana. Inda babu fil, babu shinge.

Mai Taswira ya buɗe takardar. Rubutun matarsa ne, ƙananan haruffan nan masu jingina da juna, waɗanda a da shi kaɗai ake rubuta wa. Shafi huɗu cur, duk don wani ƙato. Ya tura takardar can ƙuryar durowa, ya murɗa makulli.

Washegari da hantsi matarsa ta shigo ofis cikin fararen kayanta, riƙe da tabaraunsa da ya manta a gida. Idonta ya sauka kan taswira. Ta bi titin da yatsa, ta wuce gada, ta wuce kasuwa, ta tsaya a arba'in da uku. Wurin fes yake, babu fil ko ɗaya.

"Ina suke?"

"Ki tambayi Dogonki."

"Dogona?" Ta ajiye tabarau a hankali. "Sau nawa na gaya maka labarin kwanar nan muna cin abinci, ka ce babu hatimi? Shi sau ɗaya na faɗa, ya ce in rubuta. Sati uku ina kwafa a lokacin hutuna, don taswirar mijina ta faɗi gaskiya."

"Ai da kin ba ni a hannuna."

"Da ka karɓa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ta bakwai a takardar nan yarinya ce 'yar aji uku. Ni na riƙe ƙafarta ana ɗinki. In ni kake fushi da, ga ni. Me ta yi maka?"

Ta fita ba sallama.

Ya buɗe durowar, ya ciro takardar. Ya caka fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, rawaya takwas, ja uku, har suka cunkushe a kwanar kamar ƙuda a kan gyambo.

Darakta na shigowa idonsa ya faɗa can. Kwanar kwalbati ta shiga jerin, ita ce ta farko.

"Aikinka ya yi kyau, injiniya," ya ce wa Dogo.

"Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne," in ji Dogo yana murmushi. "Matar Yaya ce ta tattara komai. Irinta sai an tona."

Aka juyo ana yi wa Mai Taswira barka. Maganar gaskiya ce, amma daga bakinsa ya kamata ta fito. Shekara goma sha biyu yana tare da ita, sai wani ɗan bana-bakwai ne zai gaya wa duniya darajarta?

Da aka watse ya ɗauki biro, ya durƙusa a kusurwar taswira inda aka rubuta wanda ya tsara. Ya rubuta sunanta dab da nasa, ya matse haruffan sosai yadda ko allura ba za ta sami wuri a tsakani ba, balle sunan mutum mai tsawo.