Liyafar Mama a Zauren Garmaho

Da Mama ta yi ritaya daga aikin jinya, 'ya'yanta suka ce sai an yi mata liyafa. Ita ba ta so ba, amma babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, ba a ja da ita. Wata Asabar da hantsi ta ɗauke ta a mota don ta ga wurin da suka zaɓa.

"Zauren Garmaho ake ce masa, Mama. Komai na ciki na kiɗa ne. Teburan ma kamar faifai aka yi su."

Tun daga kwanar gidan mai Mama ta gane titin. An sake fenti, an sa ƙofar gilashi, amma ginin shi ne. A nan take waƙa tana budurwa, lokacin tana makarantar jinya, ita da wasu makaɗa. A gida an san labarin, sai dai ya zama abin tsokana. In ta ɗan rera a kicin, Baba kan leƙo ya ce, "Tauraruwa, kada dai girkin ya ƙone."

Suka shiga. Jitoci a rataye jikin bango, wasu babu tsirkiya, ga tsofaffin faya-fayai cikin gilashi. Dandamalin da a da take gani kamar fili, yau sai ta ga bai fi tabarma uku ba. A kusurwa wani tsoho ya sunkuya yana gyaran fiyano, ya karkata kai yana sauraron sautin. Wannan karkatawar ta sani, ta mai kaɗa musu fiyano ce a da.

"Dogo?"

Ya ɗago a hankali, ya ƙura mata ido, sannan ya dubi agogon hannunsa. "'Yar Asibiti, yau ma kin makara. An fara tun ɗazu."

Suka yi dariya har da hawaye, Yaya na tsaye baki buɗe. Dogo ya ce ɗan wansa ne ya sayi wurin bayan ya daɗe a matsayin ma'ajiyar siminti. Mama ta tambayi sauran. Mai ganga ya rasu. Mai jita yana nan, amma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Waccan jar jitar da ke saman ƙofa tasa ce. Mama ta daɗe tana kallonta.

Ranar liyafa zauren ya cika da abokan aiki, dangi da jikoki. Bayan jawabai, Dogo ya zauna gaban fiyano ya taɓa wata tsohuwar waƙa, ya yafito Mama da kai. Ta ce a'a. Jama'a suka dinga tafi har ta miƙe.

Muryar ba ta kai inda take kaiwa a da ba. Dogo ya sauko da sautin ba tare da ta roƙa ba, ta samu wurin tsayawa. Baitin farko ya tafi lafiya. A na biyu kalmomin suka gudu, ta tsaya riƙe da makirufo tana murmushin kunya. Sai ga wata murya mai kaushi daga teburin gaba ta ɗauka. Baba ne, idonsa a rufe, yana rerawa a karkace amma ko kalma bai ɓata ba. Ta bi shi, suka ƙarasa tare, jikoki na ihu.

Da aka watse da la'asar, Mama ta tsaya bakin ƙofa, takalmanta a hannu.

"Dogo, mai jita wa ke duba shi?"

"Ƙanwarsa ce, tana iya ƙoƙarinta."

Mama ta juya ga 'yarta. "Jibi za ki kai mu, ni da Dogo. Ki sa min abin awon jini a jaka."

"Mama, ba kin yi ritaya ba?"

"Daga asibiti na yi. Buɗe motar, ƙafafuna ciwo suke."