Yaɓen Toka

Da cokali Inna take kankare bangon, tana tara garin a murfin kwano. Surukarta, wadda har yau ake kira Amarya, tana zaune a ƙofar ɗaki da cikinta na wata bakwai, ta ƙura wa murfin ido.

"Ke da kwaɗayinki sai kin rushe mana gida," in ji Inna. "Ungo. Da alama magini za ki haifa mini."

Amarya ta yi dariya, ta lasa. Masu ciki da cin ƙasa ai ba yau aka fara ba. Ita ma Inna ta ci a zamaninta, ta haifi ƙato. Sai dai wannan yaɓen ba na ƙasa ba ne. Ɗan nata, mijin Amarya, direban tifa ne a kamfanin da ke tace tokar kwal, ana ciro wasu ƙarafa masu tsada a kai waje. Lakar da ta rage sai a ce ma'aikata su kwasa kyauta. Da ita rabin unguwa ta yi yaɓe, ana ta sa wa kamfani albarka.

*

Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta zo da safar hannu da ƙananan kwalabe, tana bin gida-gida. Ta tsaya a gaban ramukan da cokalin ya yi a bangon Inna.

"Mama, wa ke cin wannan?"

"Yarinyar nan ce, ɗan kaɗan dai. Ni nake kankaro mata da hannuna, don kada ta ci mai datti."

Matar ta cire tabarau. Ta ce kamfanin ya kwashe mai amfanin, gubar kuwa, su dalma da sauransu, cire ta akwai tsada, shi ne aka bar ta a ciki aka raba wa mutane. A daina yau, a kai Amarya asibiti.

"Abin da ke cikin fa?" in ji Inna.

"Sai an haihu za a gani."

Tun daga ranar, ko tukunya aka kankare a maƙwabta sai gaban Inna ya faɗi. Tsoro take ji, ta rasa wanda za ta gaya wa. Ɗanta kuwa ya ci gaba da jan tifa, to ina za shi?

*

An haifi namiji, kyakkyawa, yatsu cif-cif. Ba ya yawan kuka. Mata suna cewa an dace da yaro mai haƙuri, Inna tana amsawa da baki kawai.

Ranar da ya cika wata huɗu, Amarya ta shiga wanka, ta bar shi kwance a tabarma, idonsa biyu. Inna ta lallaɓa ta bayan kansa da babban farantin ƙarfe. Ta ɗaga, ta saki a kan siminti.

Kaji suka watse. Amarya ta yi salati daga banɗaki. Yaron yana nan yadda yake, yana tsotsar hannunsa.